Uba ɗaya, tuta tara: yadda wasanni ke raba rassan Jami'ar Kalifoniya

Ranar 3 ga Disamban 2006 aka buga wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa ta maza ta jami'o'in Amurka a birnin St. Louis, inda jami'ar Santa Barbara ta doke ta Los Angeles, wato UCLA, da ci 2 da 1. Labari na isa gida ɗaliban Santa Barbara suka kutsa filin wasansu, suka ciccibi raga guda da ƙarafanta, suka bi titi da ita suna ihu har bakin Tekun Fasifik, suka tunkuɗa ta cikin ruwa. Wanda ya ga irin wannan murna zai ɗauka wata tsohuwar abokiyar gaba aka kayar. Alhali a takarda, wanda ya ci da wanda aka ci duk 'yan makaranta ɗaya ne, wato Jami'ar Kalifoniya. Shugaban jami'arsu ɗaya, majalisar da ke riƙe da dukiyarsu ɗaya, kuma in sun gama karatu gwamnan jiha guda ne zai sa hannu a takardun shaidarsu.

Jami'ar tana da rassa goma da ɗalibai kusan dubu 300. Reshen San Francisco na likitanci ne da dangoginsa, ba ya shiga gasar jami'o'i. Sauran taran kuwa kowanne da ƙungiyoyinsa, da rigarsa, da takensa, da dabbar da yake kirari da ita. Sai dai kalmar reshe na iya ruɗar mutum a nan. In muka ce Samaru da Kongo a Zariya, ko tsohon mazauni da sabo na Jami'ar Bayero a Kano, muna nufin makaranta guda da filinta ya rabu biyu, kuma in za a je gasar NUGA tawaga ɗaya ake fitarwa. A Kalifoniya kowane reshe yana da shugabansa, yana ɗaukar ɗalibansa, yana neman kuɗinsa. Tsakanin Berkeley da Los Angeles kaɗai akwai tafiyar kilomita kimanin 600. Abin ya fi kama da gidan gandu wanda 'ya'ya suka girma, kowa ya ja sashensa yana noma gayaunarsa, amma har yau da sunan maigida ake kiran gidan, kuma akwai rumbun tsakar gida da kowa ke da ido a kansa.

Hukumar da ke tsara wasannin jami'o'i a Amurka, NCAA, wadda aka kafa a 1906, ita ma haka take kallonsu. Ba ta yi wa Jami'ar Kalifoniya rajista a dunƙule ba, kowane reshe mamba ne mai zaman kansa. Tun 1973 hukumar ta kasa makarantunta, waɗanda suka kai kimanin 1,100, zuwa aji uku. A aji na ɗaya ake kashe manyan kuɗi, ake ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa, ake nuna wasa a talabijin. A aji na uku ba a biya wa kowa kuɗin makaranta don ya iya ƙwallo. Rassa bakwai na Kalifoniya suna aji na ɗaya, Santa Cruz tana na uku, 'yar autarsu Merced kuwa, wadda aka buɗe a 2005, sai a 2025 ta fara shiga na biyu. Uku ne kawai cikinsu, Berkeley da UCLA da Davis, ke buga zari-rugar Amurka, wasan nan na hular kwano da kafaɗun roba wanda shi ne ke kawo kuɗin talabijin mafi tsoka. A riƙe wannan, domin daga nan rigimar za ta taso.

Abin da suke kira maskot, wato dabbar da ƙungiya ke kirari da ita, ba baƙo ba ne a gare mu gaba ɗaya. Mun san Najeriya da mikiya, Kamaru da zaki, Nijar da Mena. Bambancin shi ne a can ba a tsaya ga suna da tambari ba. Ana ɗinka wa dabbar riga da ƙaton kai, wani ɗalibi ya shige ciki ya yi ta tsalle a gefen fili, kamar dodon da ake fitowa da shi a wasan gargajiya. Na Berkeley sunansa Oski, ya fara fitowa a 1941 bayan an gaji da wahalar kawo beyar mai rai filin wasa. Yana sanye da rigar sanyi ruwan ɗorawa da farar safar hannu, fuskarsa ɗauke da murmushin da ba ya gushewa, yana taku da hannaye a goye a baya kamar dattijon da ke zagaya gonarsa. Wani kwamitin ɗalibai ne ke kula da shi, kuma ba sa faɗin wanda ke ciki. Mutum zai ce ai wannan wasan yara ne. Amma in aka jera dabbobin rassan nan tara aka bi tarihin kowace, za a ga kowace tana faɗin inda mai ita yake zaune a gidan, da abin da ke ransa game da 'yar fari.

'Yar farin ita ce Berkeley. An kafa jami'ar a 1868, kuma shekaru da dama Berkeley ce jami'ar, jami'ar ce Berkeley. A 1895 'yan tserenta suka tafi gabashin ƙasar gasa ɗauke da tuta shuɗiya mai hoton beyar ruwan zinari, daga nan sunan Golden Bears ya bi su. Wannan beyar ɗin shi ne a tutar jihar Kalifoniya, ko da yake mafarauta sun ƙarar da irinsa a jihar tun shekarun 1920. Berkeley ta riga kowa ɗaukar dabbar jiha, ta ɗauki launin jami'a, shuɗi da ruwan zinari, sannan ta ɗauki abin da ya fi su duka daraja, wato sunan. Har gobe in ƙungiyarta na wasa, abin da ake rubutawa a allon talabijin shi ne California, ko Cal a taƙaice. Sauran kowa sai ya liƙa sunan garinsa. A 2023 wani kwamiti na reshen ya ba da shawarar a riƙa haɗa sunan da Berkeley, saboda mutane da yawa ba su san cewa Cal ta filin wasa ita ce Berkeley ta masu lambar Nobel ba. Tsofaffin ɗalibai suka yi ca a kan shawarar. Wanda ya gaji sunan gida ba ya son a tuna masa cewa shi ma ɗa ne cikin 'ya'ya.

Labarin UCLA ya fi kowanne nuna wannan 'yan ubanci. Mutanen Los Angeles sun sha fama kafin a yarda a ba su reshe, domin manyan Berkeley ba su so a raba kasafi biyu. Da aka buɗe a 1919, sunan da aka ba makarantar shi ne Reshen Kudu, 'yan wasanta kuma aka kira su Cubs, wato jariran beyar. Ba su daɗe ba suka ga sunan ya yi musu kaɗan, suka koma Grizzlies, sunan babban beyar mai faɗa. Da suka nemi shiga rukunin manyan jami'o'in gaɓar Fasifik, sai aka tarar Jami'ar Montana ta riga su wannan suna a rukunin. A 1926 shugabannin ɗaliban Berkeley, waɗanda ke amfani da sunaye biyu a lokacin, suka sakar musu ɗaya, Bruins, wani tsohon laƙabin beyar a tatsuniyoyin Turai, kamar yadda muke ce wa zaki manyan dawa. Ke nan sunan da UCLA ke tinƙaho da shi a yau kwancen babbar ya ne. Launin ma haka, shuɗi da zinari ne, sai dai an sassauta shuɗin ya koma ruwan sararin sama. Hatta ɗaya daga cikin waƙoƙin da 'yan badujalar UCLA ke busawa, karinta na wata tsohuwar waƙar Berkeley ne, kuma 'yan Berkeley ba su daina gorin an yi musu sata ba.

Sai ƙanwa ta girma ta fi yarta jiki. Tsakanin 1964 da 1975, ƙarƙashin mai horarwa John Wooden, UCLA ta ci kofin ƙwallon kwando na ƙasa sau goma cikin shekaru goma sha biyu. A nan shahararren ɗan ƙwallon kwando Kareem Abdul-Jabbar ya yi wasa, kafin shi kuma Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariyar launi a babbar gasar besbol a 1947. Los Angeles ita ce kasuwar talabijin ta biyu mafi girma a Amurka. Berkeley na riƙe da sunan gida, amma 'yan kallo da masu talla suna kudu.

Riverside ta bi sahun gida ba gardama. Da aka buɗe kwalejinta a 1954 ɗalibai suka zaɓi Highlanders, mutanen kan tudu, saboda duwatsun da ke bayan makarantar, suka ɗauko beyar suka sa masa tufafin mutanen Sukotlan. Santa Barbara ta shigo jami'ar a 1944 da sunanta a hannu, Gauchos, makiyayan shanu bisa doki na Ajantina. San Diego, wadda ta tsiro daga wata cibiyar binciken teku, ta ɗauki Triton, ɗan mai mulkin teku a tatsuniyoyin Girkawa. Merced ta ɗauki muzurun daji. Waɗannan ba su da dogon labari.

Masu labari su ne biyun da aka buɗe a 1965, lokacin da Clark Kerr ke shugabancin jami'ar kuma matasan Amurka ke tawaye ga duk abin da manya suka shimfiɗa. A Irvine, wasu ɗalibai, cikinsu har da masu buga ƙwallon cikin ruwa, suka fito da dabbar da ba wanda ya taɓa tsoronta: mai cin tururuwa ta Kudancin Amurka, mai dogon baki kamar zurman, wadda ta yi kama da dabgin da muka sani. Daga wani zanen barkwanci na jarida suka samo ta. Aka kaɗa ƙuri'a a ƙarshen Nuwamban 1965, ta lashe. Yau in ka shiga zauren ƙwallon kwandonsu za ka ga dubban hannaye a sama, kowa ya haɗa babban yatsa da na tsakiya biyu sun zama dogon baki, ya miƙe manuni da ƙaramin yatsa sun zama kunnuwa, ana ta ihun “Zot! Zot! Zot!”, wai ƙarar harshen dabbar ke nan in ta lashe tururuwa. Da wannan sunan na raha suka ci kofin ƙwallon raga na maza na ƙasa sau huɗu tsakanin 2007 da 2013, suka kuma fitar da Kansas State daga babbar gasar ƙwallon kwando a 2019.

Santa Cruz ta wuce nan. Makarantar tana cikin dajin dogayen itatuwa masu jan ɓawo, inda hazo ke sauka da safe ƙasa ta kwana a jiƙe. In ka duƙa gindin itace bayan ruwan sama za ka ga wata halitta rawaya shar kamar nunanniyar ayaba, wani lokaci har da ɗigon baƙi, tana jan ciki a kan ruɓaɓɓen ganye tana barin sawun yauƙi. Dodon koɗi ne marar koɗi, babba cikinsu kan kai tsawon tafin hannu ko fiye. Ba haƙoran cizo, ba ƙaho, ba gudu. Ɗaliban farko suka ce wannan ce dabbarsu, da gangan, don su yi wa sauran jami'o'i dariya kan yadda suka mayar da wasa yaƙi. Da makarantar ta shiga NCAA a farkon shekarun 1980, shugabanta Robert Sinsheimer ya ga ba zai iya aika tawaga da sunan abin da ake takawa da takalmi ba, ya goyi bayan zakin teku. Aka zana zakin teku a tsakiyar filin ƙwallon kwando, ɗalibai suka ci gaba da yi wa dodon koɗinsu kirari a kan zanen. A 1986 aka yi ƙuri'a, suka yi wa zakin teku kayen da ba a tashi, shugaba ya sallama. A 2024 gwamnan jihar ya sa hannu a dokar da ta sanya wannan halitta cikin alamomin Kalifoniya na hukuma.

A Davis kuwa ɗalibai ne suka sha ƙasa, har sau biyu. Reshen ya fara ne a matsayin gonar koyon noma ta Berkeley, shi ya sa ake kiran 'yan wasansa Aggies, wato manoma. Dabbarsu doki ne mai suna Gunrock, sunan wani ingarma da aka kawo makarantar a 1921 don ya yi barbara a samar wa sojan doki iri mai kyau. Amma abin da ɗalibin Davis ke gani kullum, yake kuma shaƙar warinsa daga ɗakin kwana, shanun madara ne. A 1993 suka kaɗa ƙuri'a a koma saniya, hukuma ta ƙi. A 2022 suka sake, saniya ta sake ci, hukuma ta sake ƙi, bayan ta saurari tsofaffin ɗalibai. Dalilin a fili yake. Ɗalibin yau shekara huɗu zai yi ya tafi, tsohon ɗalibi kuwa shi ke aiko da gudummawa shekara arba'in, kuma dokin da ya sani yake so ya gani in ya dawo. A nan ake gane cewa dabbar kadara ce, tana da masu ita, kuma ba lallai masu itan su ne ke zaune a aji ba.

Duk wannan ana yinsa cikin raha muddin ba a taɓa rumbu ba. An taɓa shi ranar 30 ga Yunin 2022.

Jami'o'in Amurka suna wasa ne rukuni-rukuni, kamar lig, kuma rukunin ne ke sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasa ya raba kuɗin ga mambobinsa. Berkeley da UCLA sun kasance a rukuni ɗaya tun 1928, wanda daga baya aka sani da Pac-12. A ranar da na ambata, UCLA da maƙwabciyarta USC, wadda jami'a ce mai zaman kanta, suka sanar da cewa daga 2024 za su koma Big Ten, rukunin da cibiyarsa ke tsakiyar ƙasar. Bayan makonni kaɗan Big Ten ta ƙulla cinikin talabijin na kimanin dala biliyan 7 na shekaru bakwai da Fox da CBS da NBC. Sashen wasannin UCLA a lokacin ya tara giɓin da ya haura dala miliyan 100 cikin shekaru uku, shugabanninsa suka ce in ba a sami sabuwar hanyar kuɗi ba sai an rufe wasu wasannin. Hujja ce mai ƙarfi. Matsalar ita ce darajar Pac-12 a idon masu talabijin ta dogara ne da Los Angeles. Cire UCLA da USC daga ciki tamkar cire ranar kasuwa ne daga gari. Kuma cikin waɗanda za su kwana da asarar har da Berkeley, wadda ke ɗauke da bashin da ya haura dala miliyan 400 na gyaran filin wasanta da ginin horon da ke gefensa. Filin yana zaune ne daidai kan wata tsagar ƙasa da ake kira Hayward, dole aka sake gina shi yadda zai jure girgizar ƙasa, aka buɗe a 2012.

Gwamna Gavin Newsom ya fito fili ya nuna fushinsa cewa ba a shawarci majalisar jami'ar ba. Majalisar, wadda gwamna ke naɗa 18 daga cikin mambobinta 26, ta tarar da kanta gaban tambayar da aka daɗe ana kauce mata: reshe na da ikon ƙulla cinikin da zai amfane shi ya cuci wani reshe? Tun 1991 an sakar wa shugabannin rassa ikon sa hannu a irin waɗannan yarjejeniyoyi, ba wanda ya zaci za a zo nan. Aka yi wata biyar ana ja. Ranar 14 ga Disamban 2022 majalisar ta amince UCLA ta tafi, da ƙuri'a 11 da 5, bisa sharaɗin za ta riƙa ba Berkeley tsakanin dala miliyan 2 zuwa 10 duk shekara, ta kuma ƙara kashe kuɗi kan abinci, lafiyar ƙwaƙwalwa da taimakon karatu ga 'yan wasanta da za su riƙa doguwar tafiya. 'Yan jarida suka laƙaba wa kuɗin suna Calimony, suka haɗa Cal da kalmar da ke nufin kuɗin ciyarwa da kotu ke ɗora wa miji bayan saki.

Abin da ake tsoro ya faru, har ya zarce. A bazarar 2023 Pac-12 ta watse. Colorado, Oregon, Washington, Arizona, Arizona State da Utah duk suka kama gabansu. Berkeley da maƙwabciyarta Jami'ar Stanford suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, ranar 1 ga Satumban 2023 rukunin ACC ya karɓe su, bisa yarda da kashi 30 cikin 100 kacal na cikakken rabon talabijin a shekaru bakwai na farko. Sunan rukunin yana nufin gaɓar Tekun Atlantika, ga shi makarantar da ke kallon Fasifik daga tagoginta ta zama mamba. Aka bar Oregon State da Washington State su biyu a kango.

Ni dai ina ganin majalisar ta yi abin da ya fi sauƙi ne, ta bar mai wuyar. Ta yarda cewa gida ɗaya ne, tunda ta ce mai samu ya tallafa wa marar samu. Amma in gida ɗaya ne, da tun farko tare za a je kasuwa, a ce wa Big Ten ko ku ɗauki biyu ko ku bar biyu, ko da za a ƙi. In kuma kowa gashin kansa yake ci, to da wane dalili za a ɗebi kuɗin da 'yan wasan Los Angeles suka jawo a biya bashin filin da ba su suka gina ba? Mutumin UCLA zai iya ƙarawa da cewa shekara ɗari Berkeley na cin moriyar sunan California ita kaɗai, ba a taɓa cewa ta biya kowa haya ba. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma tsarin jami'ar ne ya ba su ita, domin an gina shi a kan cewa rassa su yi gogayya da juna a komai, a ɗalibai da malamai da kuɗin bincike, amma su ci gaba da amsa suna ɗaya.

Wasu jami'o'in masu rassa sun zaɓi ɗayan hanyoyin biyu kai tsaye. Jami'ar Long Island a New York tana da ƙungiyoyi biyu, Blackbirds a Brooklyn da Pioneers a reshen Post. A 2019 ta narkar da su wuri guda, ta binne sunayen biyu, aka zaɓi kifin shak. An rage kashe kuɗi biyu a abu ɗaya, amma inda da akwai ƙungiyar kwando biyu yanzu saura ɗaya, kuma wanda ya yi wa Blackbirds wasa shekaru talatin da suka wuce ba shi da rigar da zai nuna wa jikansa a fili. Jihar Pennsylvania ta yi akasin haka a 2022. Ta haɗe ƙananan jami'o'inta shida suka koma biyu saboda ƙarancin ɗalibai, amma ta nemi izinin NCAA kowane gari ya riƙe ƙungiyarsa da dabbarsa, aka ba ta. An haɗe ofisoshi da shugabanci da manhaja, ba a yi gigin taɓa dodon gefen fili ba. Masu tsarin sun san cewa a ƙaramar makaranta 'yan wasa kaso ne mai kauri na masu biyan kuɗin karatu, kuma garin da aka ƙwace wa ƙungiya zai ɗauka an rufe masa makaranta ne.

Akwai kuma waɗanda ba a cika jin muryarsu ba a wannan ciniki. Ɗan zari-ruga wasa goma sha biyu yake yi a kaka, sau ɗaya a mako, a jirgin da aka yi shata. 'Yar ƙwallon raga ko ɗan ƙwallon ƙafa na UCLA kuwa, wanda da can zai je Berkeley cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, yanzu yana iya samun kansa a New Jersey wajen Jami'ar Rutgers, tafiyar kusan kilomita 4,000, agogo ya yi gaba da awa uku, ga jarrabawa na jiransa ranar Litinin. A ƙananan rassan kuma, inda babu kuɗin talabijin na a zo a gani, aljihun ɗalibi ne ke ɗaukar ƙungiya. A 2016 ɗaliban San Diego suka kaɗa ƙuri'ar ƙara wa kansu kuɗin makaranta don a hau aji na ɗaya. Sun hau a 2020, kuma a 2025, shekarar farko da aka ba su damar shiga babbar gasar kwando, maza da mata duk suka samu gurbi. A 2017 ɗaliban Santa Cruz, masu yi wa gasa dariya, su ma suka amince da ƙarin kuɗi don kada a rufe musu wasannin. Riverside ta yi tunanin rufe sashen wasanninta ɗungurungum a lokacin korona, ta fasa a 2021. Rassa biyar, Davis, Irvine, Riverside, San Diego da Santa Barbara, sun zauna tare a rukunin Big West suna zuwa wa juna a mota, amma wannan zaman ma ya fara tsagewa, domin Davis ta sanar da komawa Mountain West daga 2026. Ga kuma sabon nauyi: tun bayan sulhun da wata kotun tarayya ta amince da shi a Yunin 2025, jami'a na iya biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Wannan adadi UCLA za ta iya kokawa da shi. Ga Riverside kuwa labarin wata duniya ne.

Berkeley da UCLA sun fara haɗuwa a zari-ruga a 1933. Wasansu na ƙarshe a matsayin 'yan rukuni ɗaya an yi shi ranar 25 ga Nuwamban 2023 a filin Rose Bowl da ke Pasadena, gidan UCLA, inda Berkeley ta ci 33 da 7. A kakar 2024 ba su haɗu ba. A watan Mayun 2024 majalisar jami'ar ta yanke adadin kuɗin ciyarwar a kan mafi tsadarsa, dala miliyan 10 duk shekara. Shugaban jami'ar na lokacin, Michael Drake, ya nemi a yi shekara shida ana biya, majalisar ta ce a yi uku tukuna, sannan a sake zama a duba.